Sola a kan rufi ko ci gaba da janareta: lissafin da na yi wa ƙanina

Ƙanina da ke zaune a Kano ya kira ni kwanakin baya, wai janaretansa ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai kamar ruwa, ga shi adashinsa ya kusa fitowa, yana tambaya Yaya in sayi sabon inji ne ko in rufe ido in saka sola. Na ce masa wannan ba maganar tsaye ba ce, ka samo biro da takarda tukuna. Abin da muka lissafa ni da shi ne nake so in shimfiɗa a nan, don na san gidaje da yawa suna kan wannan tunanin, kuma wallahi ina jin takaici in na ga mutum ya tara kuɗinsa da gumi ya je ya zuba a kayan da ba su dace da gidansa ba.

Abu na farko da na faɗa masa, a ƙasar nan sola ba da wutar NEPA take takara ba, da janareta take. In ka gane wannan rabin lissafin ya ƙare. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Injin gida matsakaici irin mai ƙarfin 2.5kVA ɗin nan yana shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa in an ɗora masa kaya. To mu ɗauka lita tana 900, kana tayar da shi awa 5 kullum daga magariba zuwa sha ɗaya, ka ga 4,500 kenan a rana, 135,000 a wata, a shekara ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuma ban sa juyen baƙin mai ba, ban sa fulogi da kuɗin bakanike da igiyar da ke tsinkewa ba. Kuma duk wannan kuɗin awa 5 kawai ya saya maka, sha ɗaya na yi za ka kashe ka kwana cikin zafi da sauro. Mutane ba sa ganin girman kuɗin ne saboda kaɗan kaɗan yake fita, yau dubu huɗu gobe dubu biyar, ba a taɓa ƙirga shi a dunƙule.

Ita kuma sola a dunƙule take karɓa, shi ya sa take ba da tsoro. Mu ɗauka saitin da zai riƙe gida mai ɗaki uku, fanel 6 masu wat 550, inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida) mai ƙarfin 3.5 zuwa 5kVA, batirin litiyom mai yunit 5 (yunit ɗaya shi ne wat dubu na tsawon awa ɗaya, irin na mitar wuta), da wayoyi da ƙarafan ɗaurewa da kuɗin aiki, mu ce ya ci maka miliyan 3. Wannan misali ne kawai, farashin yana bin dala yana kuma bin kasuwar Chana inda yawancin kayan ke fitowa, sai ka zaga shago uku huɗu a Sabon Gari ka ji na ranar da kunnenka. Amma ko a hakan, mai ƙona 135,000 a wata kuɗinsa ya dawo kafin shekara biyu ta cika, bayan nan duk abin da ya biyo baya riba ce, ga wuta dare da rana maimakon awa 5.

Sai dai ba kowa ne mai ƙona 135,000 ba, kuma nan ne masu talla ba sa tsayawa su yi bayani. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa ɗari biyu da 'yan kai. In kana wannan layin kuma gidanka na cin yunit 8 a rana, kuɗin katinka a wata wajen dubu 50 ne, a shekara dubu 600, kenan sai sola ta yi shekara biyar kafin ta biya kanta. Ba asara ba ce tunda fanel na daɗewa sosai, amma ba gaggawa ba ce kamar ta mai janareta. In kuma kana Band C ko D, masu awa 12 da awa 8 a takarda, yunit ɗinka bai kai naira 70 ba lokacin da aka yi wancan ƙarin, kuma kai mutum ne da in an ɗauke wuta sai ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka haƙura, ba ka sayen fetur sai jefi jefi, to gaskiya babban saiti ba zai dawo maka da kuɗinka da wuri ba. Abin da za ka saya shi ne kwanciyar hankali, kuma ita ma tana da daraja, amma ka san ita ka saya.

Kwanciyar hankalin nan ba na raina ta. Duk wanda yake Arewa a watan Oktoban 2024 ya san abin da aka sha lokacin da babban layin wuta na Shiroro zuwa Mando ya lalace sannan wanda ya biyo ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, jihohi da dama suka yi sama da mako cikin duhu, ruwa ya yi tsada saboda ba wutar jan shi, masu niƙa da masu walda da teloli suka zauna, cajin waya ma sai an bi layi. Mutanen Maiduguri sun ga wanda ya fi wannan tun 2021 da aka fasa turakun wuta. 'Yan uwanmu na Nijar kuma sun gani a 2023 bayan juyin mulki, da Najeriya ta yanke musu wuta. A irin waɗannan kwanakin gidan da ke da sola shi ne gidan da maƙwabta ke kawo waya da maganin da ke buƙatar sanyi.

Yanzu bari in zo kan inda kuɗin yake da gaske, wato batir. Mutane suna cewa na saka sola suna nuna fanel a kan rufi, alhali fanel shi ne mafi sauƙin al'amari a cikin kayan, farashinsa ma ya faɗi sosai a duniya a 2023 da 2024, kuma kamfanoni irin su Jinko da Longi da Canadian Solar da Trina suna ba da garantin shekara 25 cewa zai ci gaba da ba da sama da kashi 80 na ƙarfinsa. Batir ne ke mutuwa, batir ne ke sa mutum ya ce sola ƙarya ce. A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa mutum na iya saka fanel ba batir, ya tura rarar wutar cikin layi a rage masa kuɗi, amma irin wannan saitin yana kashe kansa da zarar layi ya ɗauke, don haka a wajenmu ba shi da amfani, dole sai da batir.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ruwa, dogon nan da ake kira tubula, yawanci 220Ah a kan bolt 12. In ka ninka za ka samu yunit 2.6 a cikinsa, amma ba naka ba ne duka, in kana son ya yi rai rabinsa kawai za ka riƙa sha, wato yunit 1.3. Kana yawan shanye shi har ƙasa to shekara ɗaya ma da ƙyar zai kai. In an kula da shi, ana duba ruwansa ana ƙara masa ruwan batir na gaskiya ba na famfo ko na leda ba, yana iya yin shekara biyu zuwa huɗu. Yana da nauyi, yana fitar da iska mai wari in yana caji, ba a ajiye shi a ɗakin kwana. Kuma zafi na cinye shi, ƙa'idar da masana suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa gida biyu, ka tuna yadda sito ko gareji ke zama a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. Amfaninsa biyu, kuɗin farko ya fi sauƙi, kuma in ya mutu 'yan gwangwan suna saye da daraja saboda dalmar cikinsa. Dan Allah a sayar musu da shi a rufe, kar a fasa shi a gida ko a bari yara su yi wasa kusa da shi, dalma guba ce, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Sai litiyom, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4. Mai yunit 5 za ka iya shan 4 zuwa 4.5 a cikinsa kullum ba tare da ka cuce shi ba, ba a zuba masa ruwa, yana caji da sauri, yana da ƙwaƙwalwa a ciki da ke kashe shi kafin ya lalace, kuma masu kyau suna jure cikawa da saukewa sau dubu uku zuwa shida, in ka raba da kwanakin shekara za ka ga ya doshi shekara goma. Kafin ka samu abin da litiyom ɗaya mai yunit 5 ke bayarwa sai ka jera tubula huɗu, kuma cikin shekara goman nan za ka canza su aƙalla sau biyu ko uku. Ni a ganina duk wanda zai iya daurewa ya sayi litiyom, ko da zai sa ya rage fanel biyu ya ƙara daga baya. Araha ba ta ado. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, tubula ba abin kunya ba ne, amma ya saya sabo da rasit, ya guji na hannu da aka goge aka sake wa kwali.

Nawa ne gidanka ke ci? Wannan shi ne lissafin da na sa ƙanina ya yi, kuma shi ne yawancin mutane ke tsallakewa. Fankar sama tsohon yayi tana cin wajen wat 75, guda uku awa 10 na dare ya ba ka yunit 2.25. Ƙwan fitila 8 masu wat 10 awa 5, yunit 0.4. Talabijin da dikoda awa 4, shi ma wajen 0.4. Firij cikin dare mu ce 0.7, cajin wayoyi 0.1. Ka ga an doshi yunit 4, daidai abin da litiyom mai 5 zai iya kai ka asuba da shi. Da ka ce sai ka kwana da AC to labari ya canza, mai doki ɗaya yana jan wat 800 zuwa 900 in kwamfuresa na aiki, dare ɗaya zai iya cin yunit 5 shi kaɗai, wato sai ka ninka batirinka. Dutsen guga da hita da risho na lantarki duk sun haura wat dubu, waɗannan da rana tsaka ake amfani da su lokacin da fanel ke zubo wuta, ba da dare a kan batir ba. Haka injin jan ruwa, a cika tanki tsakanin sha ɗaya da azahar.

Ga wata dabara da ta fi komai sauƙi. Fankar zamani mai cin wat 30 zuwa 35, guda uku awa 10 wajen yunit ɗaya suke ci, ka rage sama da yunit ɗaya kenan kowane dare, kusan abin da tubula guda ke bayarwa. Canza fanka uku yana iya fin sayen batir ɗaya araha. Don haka kafin ka je wajen mai sola ka fara zuwa wajen mai fanka da mai ƙwan fitila, in tsohon firij ne mai gurnani da kai shi ma ka duba shi.

Ta fannin rana Allah ya yi mana baiwa, Arewa tana samun abin da ya kai awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a matsakaici, ya fi na Legas da Fatakwal. Fanel 6 masu 550 wat 3,300 ne, sau awa 5 ya ba da 16.5 a takarda, in ka cire asarar waya da inbata da zafi da ƙura sai ka riƙe wajen yunit 12 a ranka. Kar ka yarda da lambar da ke jikin kwali, an gwada ta ne fanel ɗin yana digiri 25, shi kuwa a kan kwanon rufi da bazara yana haura 60, kuma zafi rage masa ƙarfi yake, kashi 10 zuwa 15 na iya tafiya. Mutane na zaton ranar da ta fi ƙuna ita ta fi ba da wuta, haske yake so ba zafi ba, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Da hunturu kuma hazo na tare hasken sama ƙura na kwanciya a gilashin, in ba ka wanke ba za ka ga batir ya daina cika. Ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kar a watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi, kuma a lokacin ƙura kusan duk mako ne. Wannan aiki ne da janareta ba ya nema, sai ka tanadi tsani da mai hawa tun farko. A watan Agusta kuma in hadari ya haɗu kwana biyu uku, wutar na raguwa sosai.

Rufin kansa sai an duba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka fanel kudu yake fuskanta da ɗan jirkice na digiri 10 zuwa 15, in ka fuskanci gabas kudu na hannun damanka. Kar a kwantar da shi shimfiɗe, ruwan sama ba zai wanke shi ba. A duba inuwa, tankin ruwa, darbejiyar ƙofar gida, benen maƙwabci, har filin da ke kudu da kai wanda ba a gina ba tukuna, domin fanel a jere ake haɗa su, inuwa ta faɗa kan ɗaya sai ta ja sauran ƙasa. Mai rufin dakin, wato na kankare, ya huta, mai kwano kuma ya tsaya a kan masu aiki, duk inda aka huda a toshe da kyau kuma a ɗaure a jikin katako ko ƙarfe ba a jikin kwano kaɗai ba, iskar farkon damina ba ta wasa.

A nan zan faɗi abin da ya same ni. Wanda ya fara haɗa mini nawa ya sa siririyar waya daga rufi zuwa inbata, bai sa bireka a ɓangaren fanel ba, bai kafa ƙarfen ƙasa na kariyar tsawa ba, ni kuma a lokacin ban san in tambaya ba. Wata rana da azahar na ji ƙauri, na taɓa wayar ta yi zafi har robar ta fara laushi, Allah ne ya tsare gidan da yara a ciki. Sai da na sake biyan wani ya warware aikin ya sake. Tun daga nan nake roƙon mutane, ku tambayi kaurin waya, ku tambayi bireka da fis da na'urar kare tsawa, ku nemi inbata mai cajar MPPT don ta fi tsohuwar PWM tatso wuta daga fanel, ku je ku ga aikin da mutumin ya yi shekara biyu da suka wuce ku tambayi mai gidan, kuma a rubuta garanti a takarda. Janareta ma yana da nasa haɗarin da ya fi wannan muni, hayaƙinsa ba shi da wari ba shi da launi a ɓangaren da ke kisa, kuma sau nawa muka ji iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda an shigar da inji soro ko baranda gudun ɓarayi ko ruwan sama. Ga jarkar fetur a gida, ga ƙara da ke hana maƙwabci barci da jin karatun asuba.

Ɗan haya fa? Shi lissafinsa daban. Huda rufin wani sai da yardar mai gida, kuma in ka tashi cirewa da sake ɗaurawa kuɗi ne. Shi na fi ba shi shawarar ƙaramin saiti, fanel ɗaya ko biyu da akwatin batir mai inbata a ciki wanda za ka ɗauka ka tafi da shi, zai riƙe fanka biyu da fitilu da talabijin da caji. Akwai kuma na biya kaɗan kaɗan irin na Sun King da d.light, suna taimakon wanda ba shi da dunƙulen kuɗi, sai dai ka haɗa jimillar abin da za ka biya har ƙarshe ka kwatanta da farashin kuɗi hannu, ya kan fi yawa, kuma in ka daina biya na'urar tana kullewa. Wanda kuma layinsa ke samun wuta awa 12 ko fiye da gaske, zai iya farawa da inbata da batir kawai, NEPA ta caja masa, in dai inbatar irin mai karɓar sola ce sai ya ƙara fanel in hali ya yi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwai wani ɓangare da matan gida suka fi mu ganewa. Da rana bayan batir ya cika, wajen azahar, fanel na ci gaba da samar da wutar da ba inda za ta je. Firiza ɗaya a wannan lokacin tana yin ƙanƙara da ruwan sanyi da zoɓo da kunun aya, kuma duk wanda ya yi azumin 'yan shekarun nan da ya faɗo cikin Maris da Afrilu ya san darajar ƙanƙara da yamma. Mai keken ɗinki na lantarki, mai aski, mai cajin waya a ƙofar gida, duk wannan rarar wutar kuɗi ce da ke gajarta lokacin da saitin zai biya kansa.

Da muka gama da ƙanina, takardarsa ta nuna yana kashe wajen dubu ɗari a wata a fetur, gidan nasa ne na kansa, rufin kudu ba inuwa, AC kuma ɗaya ne a falo wanda ya yarda da rana kawai za a kunna. Na ce masa ya fara canza fankokin nan uku a wannan watan, in adashi ya fito ya sayi litiyom da inbata mai ɗan girma fiye da buƙatarsa ta yanzu, fanel ko huɗu ne ya fara da su ya bar wa biyu wuri a jikin ƙarfen. Tsohon injin kuma na ce kar ya sayar, ya kai shi a gyara masa zoben fistin ya ajiye a waje inda iska ke kaɗawa, ya riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata don kar kabireta ta toshe, saboda kwanakin hadarin Agusta da ranar da za a yi taron suna a gidan.